Farantan Kantar Ƙasa

Shekara goma sha tara ina wankin gilashi a ɗakin gwajin cututtukan shuka, kuma aikina na san shi kamar yunwar cikina. Doka ɗaya ce: duk farantin da aka ajiye a kantar ƙasa ya gama amfani. In kwashe, in zuba a tukunyar tururi, in dafe funfunar da ke ciki ta mutu, sannan in wanke.

Ranar Litinin da safe na tarar da faranti goma sha biyu a kantar. Na ɗaga ɗaya a haske. Funfuna mai lafiya takan cika faranti, ta yi gashi toka-toka kamar gemun tsoho. Waɗannan kuwa 'yan ɗigo ne a tsakiya, duk a ƙanjame. Na ce a raina, gara da aka yar da ku. Kafin ƙarfe tara tukunya tana huci.

Sai ga Auta, 'yar ƙanwata, wadda ke karatun zama dakta a ƙarƙashin Farfesa, mai ɗakin. Ta duƙa ta leƙa kantar, ta miƙe ta kalli tukunya.

"Kawu, ina farantaina?"

"Na ƙasa? Suna wanka."

Ta zauna daɓas a kan bokitin da na kife. "Akwatin ɗumi ne ya lalace ranar Juma'a, na ce bari in ajiye su nan zuwa yau."

"A nan? Kin manna salatif? Kin rubuta wani abu?"

"Na manta."

"Babu wasu a firiza?"

"Wannan makon zan saka."

"To ai ko lafiya ba su da ita. Kamar kajin da ruwa ya daka."

"Rashin lafiyar ai shi ne aikin, Kawu!"

Tana share hanci da hannun riga ta yi mini bayani. Wai a cikin kowace ƙwayar funfuna akwai babban littafi da ba ya fita daga ɗakinsa. In za a ƙera wani abu, sai a kwafi saƙo daga ciki, su suna ce masa RNA, a aika wa maƙera. Wani lokaci saƙon yakan zo da kuskure, ya ce a tsaya alhali aiki bai kai rabi ba. To funfunar tana da masu duba. Da sun ga irin wannan saƙo sai su yayyaga shi, kafin a ƙera gurgun kaya. Ita kuwa shekara uku ta yi tana fama ta cire masu dubar nan, don ta ga ko funfunar za ta iya cin ganyen shinkafa ba tare da su ba. Sai watan jiya ta dace. Ƙanjamewar da na raina, ita ce shaidarta.

Na ce, "Ashe sai na dafa za a gaya mini abin da nake wankewa."

Kafin azahar Farfesa ya kira mu ofis. Kowa ya san halinsa. Ɗalibin da ya yi irin wannan sakaci, ya tattara littattafansa ke nan. Ma'aikaci kuma ya ajiye makulli. Ɗayanmu zai fita, ba makawa.

"Wa ya kai su kantar ƙasa?"

Na kalli Auta. Auta ta kalli takalminta. Fanka na juyawa, takardun kan tebur na ɗagawa suna komawa. Na ba ta lokacin da mutum zai sha kofin ruwa ya ajiye. Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Ba a kantar suke ba, ranka ya daɗe. A kan tebur na gan su. Na ga ba su da kyan gani."

"Kyan gani! Aure za ka yi musu?"

Ya miƙo hannu, na ciro makullin daga wuyana na ba shi. Saura mini shekara biyu in ajiye aiki da mutuncina. Na rataye farar rigar a ƙusarta, na zare takalmin roba, na fito. Mai gadi ya ce, "Yau da wuri haka, Sarkin Kumfa?" Na wuce abina.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida ina gyaran kujerar da ba ta karye ba, ƙanwata ta faɗo ko sallamar kirki babu, Auta a bayanta.

"Yaya, ka kyauta ke nan? Yarinya ta rame, ta yi baƙi, shekara uku ko gidan biki ba ta zuwa, kai kuma ka zuba mata wahalarta a tukunya? Tun muna yara haka kake, abin da kanka ya ba ka shi ke nan. Da me za ta fara yanzu?"

Na ajiye guduma. Ban kalli ƙanwata ba, 'yarta na kalla. A nan babu Farfesa, babu mai korar kowa. Daga ita sai uwarta sai ni, wanda ya goya ta a wuya ya kai ta makaranta ranar farko.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta taɓa hannun uwar.

"Umma, ki bar shi haka. Kawu bai sani ba ne. Ai bai yi karatun ba."

Na ɗauki gudumata, na ce in sun fita su ja mini ƙofa.