Aljihu, Akwati da Rumbu

Auta ya rasu ya bar kwamfuta a ɗakinsa, da sitiyari ɗaure a bakin tebur, da feda biyu a ƙasa inda yake ɗora ƙafa. Shekarunsa ashirin da huɗu. Sikila ce, tun yana goye muke fama da ita, daga gida sai asibiti. Bai taɓa yin tafiyar da ta wuce awa biyu a mota ba, ƙasusuwansa ba sa ɗauka. Amma a cikin kwamfutar nan direban tirela ne, kuma ba ƙaramin direba ba.

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya. Turancin da ke fitowa a allon ba na gane shi. Sai dai na san yadda cikin kwamfutar yake, domin keken ɗinkina a ɗakinsa yake, kusa da taga, shekara shida ina facin kayan mutane yana tuƙi a gefena. Wata rana ya buɗe gefenta zai share ƙura, ya kira ni in gani.

"Mama, ga faifan ajiya uku. Wannan siririn da bai fi yatsanki ba, shi ne mai gudu, amma cikinsa ƙarami ne. Wannan mai faɗin tafin hannu matsakaici ne. Wannan mai nauyin kuwa, babu abin da ba zai haɗiye ba, sai dai nawa gare shi kamar tsohon jaki."

Na ce to ni ina ruwana.

Ya ce, "Almakashin da kike aiki da shi yanzu, ina kike sa shi?"

"A aljihun rigar aiki mana."

"Yadin da ba ki kai ga yankawa ba fa?"

"Yana akwati."

"Shi ke nan, kin gama makarantar kwamfuta."

Ranar ya raɗa musu suna: Aljihu, Akwati, Rumbu. Ya rubuta a farin salatif ya manna a jikin kowanne, ya kuma canja sunayen a allo don in iya karantawa. Wasan da yake yi yanzu, shi ne a Aljihu. Waɗanda ya samo bai fara ba suna jira a Akwati. Wanda ya ga ƙarshensa sai ya kai shi Rumbu. A kan wannan ba ya wasa. Na taɓa ganin ya yi wata uku yana tsaki a kan wani wasan yaƙi da ya gundure shi, na ce ya kai shi Rumbu ya huta, ya ce, "Ba a zuba ɗanyen hatsi a rumbu, Mama."

Wasan tirelar yana da taswira mai garuruwa sittin da wani abu. Duk garin da ya kai kaya sai garin ya koma ruwan ɗorawa. Ni yake kira yaron mota. Idan zai yi baya da tirela sai ya ce, "Yaron mota, duba mini bayan nan," ni kuma in ce zan kwaɗa masa ma'auni a ƙeya.

Ranar da ciwon ƙarshe ya taso, bayan azahar ne. Ya ɗauko lodin bututun ƙarfe zai kai gari na ƙarshe, wanda shi kaɗai ya rage toka-toka a taswira. Na ga ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya dafe ƙirji. Duk da haka sai da ya lallaɓa ya shiga wani gidan mai, ya yi fakin daidai, ya kashe mota.

"Yaron mota," ya ce, "kula da kayan mutane. Gari ɗaya ya rage."

Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti, na dawo ni kaɗai.

Bayan wata biyu sai ga Babba, ɗana na fari, da wani mai gyaran kwamfuta riƙe da jaka. Babba zanen gine-gine yake yi. Ya ce tasa kwamfutar ta tsufa, tana tsayawa a tsakiyar aiki, ga shi an ba shi zanen wata makaranta. Ta Auta tana da ƙarfi. Na ce ya ɗauka ya yi aiki, amma a nan ɗakin. Ya yarda. Na shiga kicin in kawo musu ruwa.

Da na dawo na tarar da wani koren layi yana tafiya a hankali a allo. A samansa ga hoton tirela, ga kalma biyu da na iya karantawa: Aljihu, da kibiya, da Rumbu.

Na ajiye tiren a kan keken ɗinki. "Malam, me kake yi?"

"Wuri nake samar wa manhajar zane, Hajiya. Tana son faifai mai gudu, wannan wasan kuma ya cinye fiye da rabinsa. Zan matsar da shi can babban."

"Tsayar da shi."

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tsofaffi. "Ba gogewa nake yi ba. Ko ƙwayar zarra ba za ta ɓata ba. Kamar a ɗauke tukunya daga nan a kai ta can ne."

"Na ji. Tsayar da shi."

Babba ya ce, "Mama, don Allah. Ya ce miki babu abin da zai ɓata."

Layin ya kusa rabi. Na zagaya bayan tebur na kama babbar wayar wuta da hannu biyu. Na ce ko ya tsayar, ko in fizge. Mai gyara ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Kar ki ja! Wallahi in kika ja yanzu, shi ne za ki lalata shi!"

"To kai ka san abin yi."

Ya danna wani abu, layin ya tsaya, ya ɓace. Ya nuna mini tirelar tana nan a Aljihu. Sai a lokacin na saki wayar.

Na gaya musu dokar Auta. Mai gyara ya sosa kai ya ce, a wurin kwamfuta duk ɗaya ne, faifai faifai ne, ba ta san wani ya ƙare ko bai ƙare ba. Na ce ita ba ta sani ba, ni na sani.

Babba ya zauna a bakin gadon ƙaninsa. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Mama, ni ma ɗanki ne. Kuma ni ina da rai."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don gaskiya ce. Tun yana ƙarami yake jira: a gama da Auta, a dawo daga asibiti, a ga yadda Auta ya kwana. Amma ban sauka ba.

"Na sani," na ce. "Shi ya sa kai za ka iya jira. Shi ba zai iya dawowa ya ƙarasa ba."

"To wa zai ƙarasa? Kawo in kai masa kayan yanzu, rabin awa ne."

"Ba kai ya bar wa ba."

Ya tashi ya fita, ko ruwan bai sha ba. Mai gyara ya tsaya haɗa jakarsa a hankali. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Hajiya, zo ki ga inda ake buɗe wasan." Ya nuna mini sau uku, ya zana mini a bayan wata takardar awo: nan za ki danna, sai nan, in kin gaji ki danna nan don ya riƙe inda kika tsaya.

Washegari da safe na zauna a kujerar Auta. Ƙafata ba ta kai feda ba, sai na sa filo a baya. Ga gidan man, ga tirelar a inda ya bar ta. Maɓallin tayar da mota ban sha wuyar gane shi ba, yatsansa ya goge fentin wurin. Injin ya yi gurnani, na yi kuka na share, na taka.

Ban fita daga gidan man ba sai da na kwashe wata alama da bayan tirela. Shekara shida ina kallo, ashe kallo daban, yi daban. Kan motar ya bi inda na ce, bayan kuma ya bi inda ya ga dama. Rana ta farko kilomita tara na yi, cikin ɗari huɗu da sha biyu. Rana ta biyu na hau kan titin masu tahowa, motoci suna ta yi mini hon, ni ma ina rama musu da baki. Rana ta uku aka yi ruwa a cikin wasan, na rasa inda ake kunna abin share gilashi, na tsaya a gefen hanya na jira ya ɗauke, kamar yadda mai hankali zai yi.

A ranar ƙanwata ta zo ta same ni riƙe da sitiyari. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tafa hannu.

"Yaya! Ashe gaskiya ne? Da furfurarki? Mutane fa sun fara cewa baƙin ciki ya taɓa miki kai."

"Furfura a kaina take, ba a ƙafata ba. Matsa, kin tare mini haske."

"Babba yana can yana hayar kwamfuta a shagon wani don ya gama aikinsa."

Wannan ta yi mini zafi. Na ce ta gaya masa saura kilomita ɗari biyu da sittin. Ta ce ita ba 'yar aiken mahaukata ba ce. Amma ta zauna, har ta ce in yi hankali da wata jar mota.

Ɗinkin mutane ya taru a kan keke. Wani mai wando ya zo sau biyu, na ce ya ɗauki abinsa in yana sauri, ina kan hanya. Ya leƙa ɗakin ya ga hanyar da nake nufi, ya tafi yana girgiza kai.

Rana ta shida, da hantsi, na shiga garin. Kibiya ta kai ni wani fili mai katanga, ga wurin sauke kaya an zana shi da farin layi, tsakanin wasu tireloli biyu. Da baya ake shiga. Na gwada sau takwas. In na karya dama, bayan ya tafi hagu. In na gyara, sai ya naɗe kamar wuƙar aljihu. Gumi ya jiƙa mini riga.

Ban ji shigowar Babba ba. Sai muryarsa na ji a kaina.

"Akwai inda ake dannawa, su yi miki fakin ɗin da kansu."

"Auta yana dannawa?"

Ya girgiza kai. "A'a."

"To."

Na gwada na tara, na daki katanga. Ya miƙo hannu zai kama sitiyarin, na buge hannun. Sai ya ja kujerata ta ɗinki, wadda nake zama a kai shekara shida, ya zauna a gefena.

"Yi gaba tukuna, ki miƙe ta. Ƙara. Yawwa. Yanzu sa ribas. A hankali, Mama, ba tsere ba ne. Karya hagu."

"Dama nake son ta tafi."

"Shi ya sa za ki karya hagu. Taho. Taho. Saki kaɗan. Taho... Tsaya! Tsaya, za ki kashe mutane!"

"Kai, yaron mota, rage murya. Ni ce direba."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuska da hannu. Na bar shi. Da ya gama muka sake. A karo na goma sha huɗu farin layin ya koma kore. Na ja birki. Wani rubutu ya fito, Babba ya karanta ya ce sun ce kayan sun iso a makare ƙwarai, kuma wasu sun lotse. Na ce su gode wa Allah da suka iso.

Ya buɗe mini taswira. Babu sauran toka-toka ko ɗaya.

"Nuna mini inda ake kai shi Rumbu," na ce.

"Bari in yi miki."

"Nuna mini kawai."

Ya nuna da yatsa, na danna da nawa. Koren layin ya fara tafiya. Na ji Rumbu ya farka a cikin kwamfutar yana ɗan ƙugi, irin wanda nake ji duk lokacin da Auta ya gama wani wasa ya ce in taya shi murna. Muka zauna har layin ya kai ƙarshe.

Babba ya ciro waya zai kira mai gyara. Na ce ya dakata, ya buɗe mini Akwati tukuna. Ya buɗe. Wasanni bakwai ne a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Akwai mai hoton jirgin ruwa, akwai mai gona da tarakta, akwai wani mai takobi da ban so fuskarsa ba.

"Ka gaya wa mai gyaranka," na ce, "rabin Aljihu naka ne. Rabin kuma ya bar shi, mai taraktar nan zai shigo."

"Mama, manhajata ba za ta sake a rabi ba."

"To ta matsu. Kai da safe, ni bayan azahar."

Ya kalli bakwai ɗin, ya kalle ni. "Har da mai takobin?"

"Shi zan bari ƙarshe," na ce. "Miƙo mini filon nan, bayana ya gaji."