Notin da Baba Ya Ɗiga wa Fenti

Ƙwas! Ga ƙarar nan kuma. Auta ta taka birki, ta juyo ta dube ni ta cikin hular kwano, ni kuwa ji na yi kamar in tumɓuke sitiyarin in yi jifa da shi.

Fita ta uku ke nan tun safe a hanyar gargadar da ke bayan garejinmu, kuma duk ramin da tayar gaba ta hagu ta faɗa sai mun ji ƙarar nan. Auta ƙanwata ce, ita ke tuƙa motar a tsere, ni ke gyara. Tirelar da za ta kai motar filin gasa za ta tashi sha biyun rana, ko da mu ko ba mu. In motar ba ta isa gaban masu duba lafiyar motoci yau ba, an cire sunan Auta, shirin shekara guda ya tashi a banza. Ni kuma na rantse ba za ta hau duwatsu a guje cikin motar da ke ƙara ban san dalili ba.

"Yaya, ko dutse ne ya maƙale?"

"Dutse a kanki. Juya mu koma."

Jiya muka haɗa shokozoba biyu na gaba. Abu ne mai sauƙin faɗa: sandar ƙarfe ce mai shiga da fita, sifirin ya naɗe ta, ƙasanta yana riƙe da taya, samanta ya leƙo ƙarƙashin bonet inda babban noti ɗaya ya kama shi. Ni na matse sifirin, ni na zaunar da jelarsa a gurbinta, ni na ɗaure notunan ƙasa. Babban notin sama kuwa na Baba ne. Tun kafin a haife mu haka dokar garejin nan take: shi ke ɗaure na ƙarshe, ya ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa, shi ke nan magana ta ƙare. Sau ɗaya na taɓa ɗora sifana a kan notin da ya ɗiga wa fenti, lokacin har na yi aure, amma kwana uku ko gaisuwata bai amsa ba.

Muka shigo, na cusa jak, na ɗaga motar, na cire taya. Na jijjiga boljoyin, mahaɗin da taya ke juyawa a kansa, lafiya lau. Na zura ƙarfe na danna kowane bushin, robobin nan da ke tsakanin ƙarafa, ba wanda ya motsa. Na haska tocila a jelar sifirin, tana zaune daram inda na ajiye ta. Na sake bin notunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ban samu ko kwatan juyi ba. Zufa ta shiga idona, na goge da hannu mai baƙin mai, na ƙara wa kaina wahala.

Baba yana kan bencinsa bakin ƙofa da kofin shayi, hannun hagu cikin aljihu.

"Ka duba ƙasa da kyau," in ji shi.

"Baba, ƙasan nan na duba har na haddace shi."

"To ka sake."

Sha ɗaya da 'yan mintuna direban tirela ya iso, ya danna oda kamar wanda ya zo kashe gobara. Ya leƙo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Maigida, yaya dai? Akwai motoci biyu a gaba suna jirana fa."

"Su jira mana! Ko kan wuta suke zaune?"

Na mayar da tayar, na sauke motar. Auta ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta je ƙofa ta dawo, ta zuge zif ɗin riga ta mayar, ta dubi agogon bango ta dubi na hannunta kamar ɗaya zai yi mata rangwame. Can sai ta buɗe bonet, ta ɗora tafin hannu a kan babban notin hagu.

"Yaya, danna motar."

Na tsaya ina kallonta.

"Danna mana!"

Na danna gefen da duk nauyina, na saki. Ƙwas. A ƙarƙashin hannunta ƙarar ta fito, har ta zabura. Gaskiyar magana, tun fita ta biyu kunnena ya gaya mini daga sama take. Na sani, na ƙi sani. Na gwammace in kwance ƙasan mota sau uku da in taɓa ɗigon fenti ɗaya, ni da nake da furfura a gemu. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya.

Auta ta ɗauki sifana ta ɗora. Notin ya juya, sandar ma ta bi shi suna juyawa tare. Wannan noti hannu biyu yake so: ɗaya ya riƙe kan sandar da alanki, ɗan ƙarfen da ake zurawa a ramin kanta, kada ta motsa, ɗaya ya ja sifana. In mai riƙewa ya yi sanyi, za ka yi ta juyi kana zaton ka ɗaure, alhali ba abin da ya kama.

"Wa ya ce ki taɓa?"

Baba ne a bayanmu. Ban ji tasowarsa ba.

"Baba, ni ce zan zauna a ciki," in ji Auta. Ba ta saki sifanar ba.

Ya karɓe sifanar daga hannunta, ya fito da hannun hagu daga aljihu, ya ɗauki alanki ya zura. Yana ja da dama, alankin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake zurawa, ya cije leɓe, ya ja. Ya sake faɗuwa, wannan karon har ya gangara ƙarƙashin mota. Sai a lokacin na lura da yatsunsa biyu na ƙarshe, a lanƙwashe suke, ba sa bin 'yan uwansu.

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata biyu. Na zaci sanyi ne zai wuce."

Na buɗe baki in yi faɗa, wallahi faɗan ya zo mini har wuya, domin 'yarsa ce za ta shiga kwana a guje da wannan noti. Amma na ga yadda yake kallon hannun nasa, sai tausayinsa ya rufe ni. Direban tirela ya sake danna oda.

Baba ya ja da baya. "Ɗaure," ya ce da ni.

Na ɗauko wani alankin, na riƙe, na ja. Juyi biyu da rabi notin ya ci kafin ya tsaya. Na zagaya kan notin dama, shi ma ya ci juyi ɗaya. Muka faɗa mota muka nufi gargadar nan, Auta ta zaɓi rami mafi muni ta afka. Shiru. Ta sake afkawa wani, shiru. Ta daki sitiyari ta yi ihu, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Sha biyu saura bakwai aka ɗaure motar a kan tirela. Auta ta durƙusa ta yi wa Baba sallama, ya dafa kanta da hannun dama, ta haye gaban tirelar suka tafi.

Na juyo da niyyar in ce ya sa takalmi mu wuce asibiti. Na same shi tsaye yana miƙo mini wayarsa.

"Kira mai bas ɗin 'yan makaranta. Ranar Talata na ɗaure masa notunan shokozoba na gaba. Ka ce duk inda yake ya tsaya, ya sauke yaran, za ka zo."

Na karɓi wayar, na fara neman lambar.

"In ka gama, sai malamar asibiti mai farar mota, sai mai ɗaukar ƙwai." Ya zauna a kan benci a hankali. "Su goma sha ɗaya ne na ɗaure wa a wata biyun nan. Ban manta ko ɗaya ba."