Wuƙar Cikin Katanga

Taibatu ta ratsa matan da ke zaune ƙofar ɗakin maƙwabcinsu, Baba Barau maƙeri, wuƙar na naɗe cikin gyalenta. Suka ce mata tun jiya tsohon ba ya gane mutane. Ta ce ai zai gane ƙarfe.

Wuƙar daga katangar gidan mijinta ta fito, ranar da ake rushe ɗakuna ana zare azara kafin ruwan madatsar Bakolori ya ci Maradun. Jikinta a lanƙwashe yake kamar tafiyar maciji. Balarabe, yayan mijin, ya ce sammu ne, Taibatu ce ta binne, ya ba ƙanensa zuwa Juma'a ya sallame ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa kowa rantsuwa ba.

A ciki ta tarar da liman da Balarabe sun zo dubiya. Ta durƙusa ta gaishe su, ta sa wuƙar a tafin tsohon. Yatsunsa suka riga idonsa farkawa. Ya bi lanƙwasar da babban yatsa, ya sansana mariƙin, ya sa aka goga lemun tsami a ƙarfen. Zane ya bayyana, fari da baƙi, kamar sawun ruwa a yashi.

Da ƙyar murya ke fita, ya ce ba da tamar ƙasar nan aka yi ƙarfen ba, ba kuma ƙirar Buzaye ba. Ƙarfe ne aka ninka bisa ƙarfe. Ya ga irinta a Makka hannun alhazan ƙasar Jawa ta can gabas, shekarar da ya tafi a ƙasa. Tsatsar nan kuwa ta girmi uwar Taibatu.

"Wa yat tafi Makka gidanku, Balarabe?"

"Kakanmu."

"To, tsarabatai ta. Ji kunya." Ya ja numfashi. "Ɗiyata, shafa mata man shanu."

Liman ya ce ya shaida. Balarabe ya miƙo hannu zai karɓi wuƙar, Taibatu ta mai da ita cikin gyale ta miƙe.

Bayan la'asar tsohon ya cika. Aka nufi sabuwar maƙabarta da shi, can kan tudu, inda ko itacen inuwa babu tukuna. Taibatu ta tsaya bakin zana tana kallon maza suna hawa da makara. Zuga-zuginsa na jingine a ƙofa, akuya tana lasar fatar.