Hazo a Ƙarshen Duniya

Kowa a garinmu Nuwara Eliya ya san duk mai son leƙa Ƙarshen Duniya, gaɓar dutsen nan ta dajin Horton, sai ya isa kafin ƙarfe tara, don daga nan hazo ke rufe komai. Mama ta shekara saba'in tana jin labarin wurin ba ta taɓa zuwa ba, sai na yi alkawarin kai ta.

Yayana Sumedha ne ya ɓata tafiyar. Ya je wurin mai duba taurari, aka ce kada mu tsallake ƙofar gida sai bakwai da minti arba'in da biyu.

Na ce, "Yaya, shi ma hazon ya je wurin mai duban ne?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ya fi ki girma. Ba a ganganci da tsohuwa."

Muka zauna a shirye, gurasar roti na hucewa, muna kallon agogo.

Mama ta taka hanyar a hankali, jikoki na riƙe da ita. Sha ɗaya muka isa, ko'ina fari fat. Ta leƙa, ta daɗe, sannan ta ce, "To, ina abin yake?"

A hanyar dawowa muka tsaya inda ruwa ke zubowa daga dutse, Yaya ya ce ai ta ga wannan, sauran sai baɗi.

Ba ta kai baɗi ba. Yaya ya sake komawa wurin mai duban ya karɓo lokacin fita da gawarta. Ranar kuwa, tun safe har yamma, ko ɗigon hazo babu.