Injinan Seu Aldemir

"Wannan ba nawa ba ne," in ji Seu Aldemir.

Yana kishingiɗe a gado da matasai uku a bayansa. Ko kallon talabijin ɗin da na jona bai yi ba. Hannun gem ɗin kawai ya ɗaga, ya ji nauyinsa.

"Naka ne mana, Seu Aldemir. Goge shi na yi."

"Vado, har nauyin ka goge?"

'Yarsa Zuleide ta yi dariya daga kicin, ta ɗauka tsokana ce irin tasa. Ni kuwa na kau da kai.

Muna yara, garejinsa ne gidan gem na layinmu a unguwar Casa Amarela. Kowa a nan ya taso. Idan uwarka ta neme ka ta rasa, can za ta zo da silifa a hannu, shi kuma ya ɓoye ka bayan firji ya rantse bai gan ka ba. Da aka daina yayin injinan gem ɗin, ya zuba su a kwalaye ya rufe garejin. Sun fi shekara ashirin a ciki.

Sai ga shi mu da muka yi wasan mun yi teɓa da furfura, kowa yana neman yarintarsa ido rufe. Tsofaffin injina suka yi daraja a intanet. Ni sana'ata ke nan yanzu, in nemo in sayar. Bara na tsallaka titi na same shi yana shan iska a ƙofa. Na ce masa kayan nan tarkace ne, tsatsa ta gama da su, bari in rage masa datti. Ya ce in kwashe, bai nemi komai ba. Da na jona su a gida, babu wanda bai tashi ba a cikinsu. Kafin mako ya zagayo wani mutumin São Paulo ya saye su duka.

Da huhun Seu Aldemir ya ƙi, asibiti suka sallamo shi gida, sai ya aiko Zuleide: in ara masa baƙin injin nan mai kaset ɗin ƙwallo, na yini ɗaya. Na ce to. Na tafi kasuwa na sayo sabo na kwaikwayo, mai siffar tsohon.

"Zauna," ya ce. "Tunda ka kawo, mu buga."

Na zauna a bakin gadon. Yatsunsa suna rawa, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan kujera. Na dinga sakin masa ƙwallo, ina kai ɗan wasana gefe.

"Kai, ɗan banza, sadaka na roƙe ka? Buga!"

Na buga. Na ci shi uku. Dab da tashi ya zura ɗaya daga tsakiyar fili, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Zuleide ta leƙo da cokali a hannu.

"Baba, sai ka kashe kanka a kan 'yan tsana?"

"Je ki, rogonki zai ƙone."

Da ta koma, ya ajiye hannun gem ɗin a kan bargo, ya rage murya.

"Wanda ya saya, yana bugawa?"

Wannan karon ban yi wata ƙaryar ba.

"A kabad na gilashi ya jera su. Ya turo mini hoto."

"Ko yara ba ya bari su taɓa?"

"Ban sani ba, Seu Aldemir."

Na jira zagi, na ma so ya zage ni. Sai cewa ya yi, "Kashe talabijin ɗin, hasken yana damuna."

Ban koma ba. Kwana uku ina ganin tagarsa daga tawa, ina cewa gobe. Ranar Alhamis da hantsi, ina liƙe wani kwali, na ji kukan Zuleide.

Kafin la'asar gidan ya cika da 'yan garejin. Wasu na yi shekaru ban gansu ba. Toinho direban bas, wanda muka taso tare, ya zo da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya a gaban akwatin gawar yana share ido da hula.

"Tsohon nan ya kore ni sau ɗari, sau ɗari na dawo," ya ce. "Zuleide, ina injinan? Gobe in an dawo daga maƙabarta mu jona su a gareji, mu buga masa na bankwana."

Na sunkuyar da kai. Na ce yau asirina ya tonu.

"Suna wajen Vado," in ji Zuleide. "Shekaranjiya Baba ya ce mini gyara su yake yi. Ya ce kada kowa ya matsa masa, aikin mai cin lokaci ne." Ta kama hannuna. "Allah ya saka maka, Vado. Ka ga yadda ya yi dariya ranar nan?"

Toinho ya doki kafaɗata. "Ka ji ɗan halak! To yaushe za ka gama, injiniya?"

"Ina kan aikin," na ce.

Washegari, bayan an binne shi, suka buɗe garejin duk da haka. Suka kakkaɓe dogon bencin, mutum bakwai suka matsu a kai, kowa da kofi a ƙaramin kofin roba. Suka fuskanci bango, inda fenti ya fi haske a wurare huɗu da talabijin suka taɓa zama. Toinho ya matsa ya bar mini wuri a ƙarshen bencin. Na tsaya a bakin ƙofa, kofina yana hucewa a hannu.