Majinginar Inna Kande

A shekarar da man fetur ya yi wuya har 'yan tasi suka koma yini a layin gidan mai, Inna Kande ta zo Kaduna daga Malumfashi don a duba mata ido. Ta sauka a Kinkinau, gidan 'yarta Safiya, wadda ke cikin jego, ba ta fita. Kai tsohuwar asibiti sai ya faɗo kan mijin Safiya, Isma'ila, masinja a wata ma'aikata, mai tsohon babur Suzuki.

Goyon ba shi ne abin damuwa ba, inda za ta sa hannu ne. Suruka ba ta riƙe suruki. Shekara shida da auren, gaisuwa ma ta bayan labule suke yi. Ga ido ba ya gani sosai, ga titi duk ramuka. Safiya ce ta kawo shawara a ɗaura akwati a bayan babur, Inna ta jingina da shi, ta kama gefensa.

Isma'ila ya tafi Panteka wurin Balarabe mai walda.

"Akwati nake so, wanda mutum zai jingina."

"Wane mutum?"

"Baƙuwa ce."

Balarabe ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Baƙuwa! Malam Isma'ila, kai ma ka fara? Maijego ko arba'in ba ta yi ba."

"Subhanallahi. Dattijuwa ce."

"To, Allah Ya ba da haƙuri. Amma ni ba shekaru nake tambaya ba, jiki nake tambaya."

Ya jawo akwati biyu. Ɗaya na langa-langa ne mai shuɗin fenti, noti biyu ke riƙe shi. Ɗayan baƙi ne, mummuna, da ƙafafun ƙarfe da ake haɗawa da jikin babur.

"Wannan na burodi ne da 'yan mata. Wancan ko buhun masara ka jingina masa ba zai ce uffan ba. Ga mata nan suna wucewa, nuna min mai kamar jikinta."

Wata mai fura, ƙatuwa, tana zaune a ƙarƙashin rumfa. Isma'ila ya san amsar sarai: Inna Kande ta fi ta. Amma ya ɗaga yatsa ya nuna mace ya ce haka jikin surukarsa yake? Ai kamar ya tsaya ya ƙare mata kallo ke nan.

"Matsakaiciya ce," ya faɗa, idonsa a kan takalminsa.

Aka ɗaura shuɗin.

Ranar Talata da hantsi ya kara babur da dakalin ƙofar gida, ya kau da kai har ta hau. Babur ɗin ya nutse. Ya matsa gaba, kusan a kan tanki yake zaune, ya bar tsakaninsu wurin da yaro zai iya zama. Ya ja a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sun kusa babban titi sai wata tifa ta matse shi, ya faɗa rami. Ya ji ƙarar ƙarfe a baya, ƙwas! Akwatin ya kwanta.

"Innalillahi!"

Hannu biyu suka damƙe kafaɗunsa, goshinta ya daki bayansa. Babur ya yi tangaɗi ya daidaita. Tsayawa ba ta yiwu ba, motoci na biye. Haka suka tafi har asibitin ido, tana riƙe da shi. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige da babur ɗin gaba ɗaya.

A bakin ƙofa ta sauka da ƙyar, ta gyara mayafi, ta juya masa baya. Ya durƙusa yana taɓa notin da ya tsinke. Saura ƙiris ta zube a gaban tifa, don kawai shi bakinsa ya yi nauyi.

Inna Kande ta yafito wata mata mai sayar da lemo.

"Baiwar Allah, faɗa wa mai babur ɗin can, in zai koma wurin maƙerinsa, ya ce kilo casa'in da huɗu. A Malumfashi suka ɗora ni a sikeli, yana nan a kati. Ki ce masa nauyi ba tsiraici ba ne."

Mai lemo ta dube shi, ta buɗe baki za ta maimaita.

"Na ji," ya ce a hankali. "A ce mata kafin azahar zan dawo."

Balarabe na ganin akwatin yana reto ya fara dariya. "Matsakaiciyar ce ta yi wannan aikin?"

"Surukata ce," in ji Isma'ila. "Kilo casa'in da huɗu."

Dariyar ta yanke. Balarabe ya dube shi, ya dubi notin.

"Ta faɗi?"

"A'a. Ni ta riƙe."

Balarabe ya miƙe. Ya jawo baƙin akwatin, ya auna, ya kunna wuta. Da ya gama, ya hau bayan babur ɗin da kansa, ya jingina da dukkan ƙarfinsa har sau uku, sannan ya sauko ya ƙara ƙafa ɗaya.