Filasta a Jikin Mangwaro

"Itace ne fa, Yaya, ba bango ba!"

"Rami dai rami ne," in ji shi. "Ni magini ne. In na ga rami ban toshe ba, abinci ma ba ya yi min daɗi."

Muna tsaye a gindin mangwaron tsakar gidanmu, kowa ya ɗaga kai. Bara ni na yanke masa babban reshe, wanda ya kwanta a kan kwanon ɗakin Inna. Sana'ata ce, shekara huɗu ina gyaran itatuwa. Na yanka daidai wuyan reshen, na karkata yankan yadda ruwa zai zurare. Na ce kada kowa ya taɓa wurin, iska za ta busar da shi, ɓawo ya naɗo da kansa ya rufe. Daga nan aiki ya kai ni wani gari. Yau na dawo na tarar da siminti mai faɗin tire a wurin, an shafe shi sumul.

"Dubi aiki," ya ce. "Ko tsagewa bai yi ba."

"Daga waje ke nan."

"To likitan itace, daga ciki fa? Hoto za ka ɗauke shi?"

Na zaga bishiyar, na sake zagawa. A ƙarƙashin simintin wani baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikin ɓawo. Gangar jikin bishiyar kuwa tun asali wajen ɗakin Inna ta karkata. In ruɓa ta ci cikinta, iska ɗaya ta isa. Inna kuma tun da gwiwoyinta suka ƙi, daga gado sai inuwar nan. Ba ta da wani wurin zuwa.

Na jingina tsani. "Ba ni guduma da cizal."

"Da kayan aikina za ka fasa aikina?"

"Ba ni kawai."

Ya miƙo yana tsaki, amma ya riƙe min tsanin.

Bugun farko bai yi komai ba. Yaya ya yi dariya, wai shi ba ya ha'incin siminti. A na shida gefe ya ɓalle. Wari ya bugo ni, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Na ci gaba. Sai ga kan ƙusa, sai ga wata.

"Har da ƙusoshi?"

"Da me simintin zai kama? Dozin biyu ne kacal."

Sauran ya faɗo gaba ɗaya, saura kaɗan ya samu ƙafar Yaya. Naman itacen da na bari fari tas ya koma baƙi. Na danna da yatsa, ya lotsa kamar soso. Gara ta watse. A gefe ɗaya na ga inda sabon ɓawo ya fara naɗowa, kaurin ɗan yatsa, ya ci karo da siminti ya tsaya. Da an ƙyale shi.

"Miƙo rodin can."

Wannan karon bai yi musu ba. Na zura rodin a tsakiya, na danna ƙasa. Ya shiga. Na ƙara, ya shiga. Ina jira ya tokari itace mai rai, bai tokara ba, har hannuna ya bi shi zuwa gwiwa.

Na sauko. Yaya ya dubi baƙin da ke hannuna, ya sunkuya yana tsince ɓaraguzai, kamar wani ya sa shi.

"Inna ce ta sa ni," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kullum sai ta ce wurin yana kallonta, kamar ciwon da ba a ɗaure ba. Sati uku tana yi min magana. Ya zan yi?"

"Da ka kira ni."

"Ka taɓa ɗauka?"

Na goge hannu a wando. Na auna da ido daga gindi zuwa bangon ɗakin, taku biyar. Sama ta fara haɗa gajimare. Dole a sare bishiyar, kuma cikin satin nan.

Ƙofar ta buɗe. Inna ta fito tana jan kujerarta da hannu ɗaya, ɗayan a kan sanda. Ta dubi simintin da ke ƙasa, ta dube mu.

"Kun cika ni da ƙara. To Auta, ka duba? Ya warke ko?"